Littafin Ajiyar Talaka

Sarki yana da maroƙa, attajiri yana da magada masu ambaton sunansa, amma talaka kan tafi kabari da tarihinsa. Wannan ne ya jefa ni cikin son tara tsofaffin littattafan ajiya na bankunan talakawa na ƙarni na 19, waɗanda ba su da masu hannun jari, amfaninsu na masu ajiya ne.

A shekarar 1810 wani limamin coci, Henry Duncan, ya buɗe irin wannan banki a ƙauyen Ruthwell na Sikotilan. A lokacin sai mai fam 10 ke iya buɗe asusu a manyan bankuna, shi kuwa a wurinsa sisi ya wadatar. A 1816 tsarin ya isa Amurka, biranen Filadelfiya da Boston.

Littattafan da ke hannuna ba su taka kara sun karya ba. Kowane shafi kwanan wata ne da adadi, da rubutun akawu. Amma idan na bi layukan a hankali, sai in ga watannin samu, in ga inda ajiya ta tsaya cik, in ga ranar da aka kwashe gumin shekaru gaba ɗaya.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na bankin Emigrant, wanda aka kafa a New York a 1850 domin 'yan ƙasar Ayalan, a zamanin da yunwa ke koro su. Da yake da yawansu ba su iya rubutu ba, akawu kan rubuta garin haihuwar mai ajiya, da jirgin da ya kawo shi, da sunayen iyayensa, don a shaida shi ranar karɓa. Yau jikokinsu na gano asalinsu daga waɗannan kundaye a babban ɗakin karatu na birnin.

Mu ma 'yan zango jikokin baƙi ne. Fataucin goro ya kawo kakanninmu Salaga da Kumasi, amma ajiyarsu adashi ce, lissafinta kuwa a kan uwar adashi yake, ya bi ta kushewa. Abin da ya saura 'yan takardu ne a akwatin ƙarfe: littafin ajiyar gidan waya, rasit, takardar fili. Su ne ake fara ƙonawa ranar sharar ɗakin mamaci.

'Yan'uwa, kafin a kunna ashana, a duba. Wataƙila nan kaɗai aka taɓa rubuta sunan kakanku.