Abin da Duwatsun Ɗa'ifa Suka Koya Mini

Hanya uku yawancin Hausawan Jidda suka sani: ta wurin aiki, ta kasuwar Balad, da ta Harami. Wanda ya zo Umara ko sarin kaya ma bai wuce nan ba, daga filin jirgi sai masauki, daga masauki sai Bab Sharif. Za ka tarar da mutum ya tsufa a Karantina ko Sabil, ya san farashin kowace abaya da kowane turare, amma bai taɓa hawa duwatsun da ke gabas da Makka ba. Alhali tsakanin Jidda da Ɗa'ifa bai kai kilomita 200 ba, tafiyar awa biyu ce da 'yan kai, ana zuwa a dawo a yini guda. Ina cikin waɗanda Allah ya sa suka saba da wannan hanya a ranakun hutu, kuma na tsinci darussa a kanta da nake ganin bai kamata in riƙe su ni kaɗai ba.

Darasi na farko: hutu haƙƙin jiki ne

Jidda a bakin teku take. Da bazara zafi yakan kusanci maki 40, ga laimar Bahar Maliya da ke sa riga ta manne a jiki tun kafin hantsi. Mutum yana fita daga ɗaki mai na'urar sanyi ya shiga mota mai na'urar sanyi ya faɗa shago mai na'urar sanyi, sai ya yi wata bai shaƙi iskar Allah ba. Ɗa'ifa kuwa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, Hada da Shafa da ke kewayenta ma sun ɗara ta. Masana yanayi sun ce duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin maki shida, ga shi kuma iskar can busasshiya ce. Shi ya sa kana kaiwa sama sai ka ji numfashinka ya sauka har ciki.

Masu mulkin ƙasar sun daɗe da gane haka. Shekaru da dama gwamnatin Saudiyya ta riƙa komawa Ɗa'ifa da bazara, a nan ne kuma Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. A nan aka tara 'yan majalisar Labanon a 1989 suka ƙulla yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasarsu. To, in masu riƙe da ƙasa suna neman inda kai zai huce, ina ga direba da tela da mai gadi? Mu da muka bar gida don nema mukan ɗauki hutu a matsayin asara, muna lissafa kowace Juma'a da Asabar da riyal. Amma jiki magayi. Na ga ƙarfafan mutane da hawan jini ya kwantar, abin da suka tara ya tafi a magani. Yini ɗaya a kan dutse bai rage mini komai ba, sai dai in koma aiki ranar Lahadi da ƙarfi da sakin fuska.

Darasi na biyu: alherin dutse na mai sammako ne

Da sanyin safiya ake kamun fara. Wannan karin magana ta tabbata a gonakin wardi na Hada da Shafa. Furen yana buɗewa ne makonni kaɗan a shekara, a watannin Maris da Afrilu, kuma ana tsinkarsa tun daga asuba, domin da rana ta ɗaga ƙamshin yake guduwa. A ranar ake kai shi matatar turare, a zuba a manyan tukwanen jan ƙarfe tare da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga a kwalba, man ya taso sama, ruwan wardi ya kwanta ƙasa. Sai an dafa dubban furanni kafin a sami tola guda, wato abin da bai kai giram 12 ba. Irin wannan turare ake haɗawa da ruwan Zamzam a wanke ɗakin Ka'aba.

Wanda ya baro Jidda bayan sallar asuba zai tarar da masu tsinkar furen a gona, ya ga buhuna ana aunawa, ya sayi ruwan wardi daga hannun masu yi. Wanda ya tsaya karin kumallo da hira sai ya iso ya tarar an watse. Tun da na ga wahalar da ke cikin tola guda, na daina raina farashin abin da aka yi da hannu, ko turare ne ko hular Kano.

Darasi na uku: hanya tana da nata hukunci

Hanyar da ke hawa Dutsen Kara zuwa Hada a nannaɗe take kamar igiyar guga, kwana na bin kwana, rami a gefe. Wani dattijon direba Bahaushe, haifaffen Makka, ya taɓa ce mini: "Ɗana, hawa na inji ne, sauka ta hankali ce. Ka sa ƙaramar giya, kada ka kwanta a kan birki, in ya yi zafi ba ya jin magana." Na ce, "Na gode, Baba," kuma har yau da maganarsa nake sauka.

Hazo yakan rufe dutsen ba sallama, in aka yi ruwa mai ƙarfi kuma hukuma takan rufe hanyar saboda gangarowar duwatsu. A irin wannan rana sai a zaga ta hanyar Sail, wadda ta fi tsawo amma ta fi shimfiɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Mai son kallon ramin ba tare da fargabar sitiyari ba sai ya shiga motar igiya da ke sauka daga Hada zuwa ƙauyen Kar.

A gefen titi akwai gwaggon biri garke-garke. Mutane suna jefa musu burodi da ayaba, har sun saba da roƙo, suna fizgar leda daga hannun yara. Ciyar da su ba tausayi ba ne, domin yana janyo su kan titi, ya raba su da abincinsu na daji. Haka ledoji da robobin da masu shaƙatawa ke bari a ƙarƙashin itatuwa. Ka tafi da buhun shararka, ka dawo da shi.

Akwai kuma hukuncin addini. Nisan Jidda zuwa Ɗa'ifa ya wuce na kasaru. Wanda kuma ya yi niyyar ya sauko daga Ɗa'ifa ya yi Umara, to miƙatinsa Ƙarnul Manazil ne a hanyar Sail, ko Wadi Muhrim a hanyar Hada. A nan zai ɗaura harami, kada ya wuce da kayan gida.

Darasi na huɗu: ka san inda kake takawa

Wanda bai san tarihi ba zai ga Ɗa'ifa garin rumman da inabi da zuma ne kawai. Amma nan ne Manzon Allah (SAW) ya zo a shekara ta goma da aiko shi, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, tare da Zaidu ɗan Harisa, yana neman mutanen garin, wato Saƙif, su karɓi kira. Suka tura masa yara da wawaye suna jifa har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a gonar Utba da Shaiba, inda bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. Aka ba shi zaɓin a halaka su, ya ƙi, yana fatan a sami masu kaɗaita Allah daga tsatsonsu. A shekara ta 9 bayan Hijira Saƙif suka aiko wakilai Madina suka musulunta.

Lokacin da na tsaya a unguwar Masna, inda ƙaramin masallacin da ake kira da sunan Addas yake, sai na tuna motar da ta kawo ni da tsayin dutsen da na hawo a zaune. Karatun sira a zaure daban ne, ganin ƙasar da ido daban. Baƙo a Jidda ba ya rasa mai yi masa kallon raini ko mai gaya masa baƙar magana. Duk sa'ad da na gamu da irin wannan, labarin Ɗa'ifa ne yake sanyaya mini zuciya. A tsakiyar gari kuma akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a nan a shekara ta 68 bayan Hijira. A wajen gari akwai madatsar ruwa ta Saisad da aka gina wa Halifa Mu'awiya a shekara ta 58, rubutunta yana jikin dutse har yau. Zuwa waɗannan wurare ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, ilimi da wa'azi ake nema a can.

Darasi na biyar: ka rage wurare, ka ƙara mutane

Wasu sukan so su haɗa Fadar Shubra da Kasuwar Ukaz da Shafa da gidan namun daji duk a yini guda, su dawo da hotuna cike da waya da ciwon baya. Wannan wani aikin ne, ba hutu ba. Na fi amfana a ranakun da muka zaɓi wuri ɗaya ko biyu, muka shimfiɗa darduma a Shafa, aka ɗora shayi da na'ana'a, aka sayo saliƙ, shinkafar nan da ake dafawa da madara da romon nama wadda Ɗa'ifa ta shahara da ita, yara suna guje-guje, manya suna hirar gida.

Kuma kada hutun ya zama na maza kaɗai. Matanmu na Jidda su suka fi kowa zaman ɗaki, wasu kuma suna aikatau ko sana'ar abinci ba ranar hutu. Dattawa ma sukan yi watanni ba su wuce masallacin unguwa ba. Idan gida biyu ko uku suka yi karo-karo na kuɗin mai, aka dafo abinci daga gida, tafiyar ba ta fi ƙarfin ma'aikaci ba.

Wannan darasi bai tsaya a Hijaz ba. Muna da Jos, muna da tsaunin Mambila da gonakin shayinsa, muna da Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara, amma ɗan Kano nawa ne ya taɓa hawa Dala? Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ba sai mai nisa ba. Don haka, ɗan'uwa, in kana Jidda da takardunka a cike, ka duba yanayi, ka duba birki da taya, ka kira maƙwabcinka, ku ware Asabar ɗaya ku hau da iyalanku. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.