Wasiƙun Ingila a bakin dajin Rugu

Runka gari ne a ƙaramar hukumar Safana, a bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe ta Batsari da Ɗanmusa har ya haɗe da dazukan Zamfara. A da, in an ambaci Rugu, kiwo da farauta ake tunawa. Yanzu kuwa sai iyaye sun yi ta nazari kafin su bar ɗansu ya nufi wajen. Mu shida, ɗaliban sashen ilimi daga Dutsin-Ma, muka je a hutun zango, bisa gayyatar wani malamin firamare da ya taɓa koyar da biyu daga cikinmu.

Malam ya yi mako biyu a Ingila cikin shirin haɗa makarantu. Irinsa ne hukumar British Council ta yi shekaru tana gudanarwa a Najeriya da sunan Connecting Classrooms: makarantu biyu su ƙulla zumunci, malamai su ziyarci juna, yara su riƙa musayar aiki. Ya dawo da ambulan cike da wasiƙun 'yan aji biyar na can, mu kuma aikinmu mu fassara, mu taya yaransa ba da amsa.

Tambayoyin sun ba mu dariya. Wani yana son sanin ko ana hawan raƙumi zuwa makaranta, wata ta tambayi abin da ake ci lokacin tara. Amma da muka zo kan "minti nawa ne daga gidanku zuwa makaranta?" sai ajin ya yi tsit. Da yawansu ba 'yan garin ba ne. Hare-haren 'yan bindiga ne suka koro iyayensu daga ƙauyuka, wasu kuma marayu ne a hannun dangi. Wata yarinya ta ce, "Yaya, wane gidan zan rubuta, namu ko na kawu?"

Zumuncin a takarda yake tafiya, kuma da dalili. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari, sai a Disamba aka fara maido da su. Kafin nan, sace ɗaliban Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, wanda aka sako 344 bayan kwana shida, ya sa an rufe makarantun kwana. Wanda ya ga wannan ba zai jingina kan intanet ba.

Hannun Ingila a karatun yaranmu ba sabo ba ne. Daga 2012 zuwa 2022 Birtaniya ta ba da kuɗi, UNICEF ta gudanar da shirin karatun 'ya'ya mata a jihohi shida har da Katsina, aka ce an shigar da yara mata miliyan ɗaya da rabi. Shigarwa daban, zama a aji daban, musamman ga yarinyar da tallanta ne cefanen gida.

A ganinmu, babbar tsarabar Malam ba wasiƙun ba ce, wani littafi ne mai bangon kwali. A can ya ga in yaro bai zo ba, tun da safe ake buga waya gidansu. Shi sai ya raba ajinsa unguwa-unguwa, kowace da monita. Wanda ya yi kwana uku ba a gan shi ba, Malam da wata dattijuwa daga kwamitin makaranta za su taka har gida. Mun buɗe littafin, a gaban sunayen an rubuta "zazzaɓi", "gona", "talla", wani wurin kuma "sun tashi".

Yanzu yana so ya haɗa ajinsa da wani aji a Batsari, inda ake da yara masu irin wannan hali. Hedimastan can ya amince. Saura direban da zai riƙa kai wasiƙun.