Kyan Ɗan Maciji

Bara waccan kawuna ya sayar da shanunsa a kasuwar Shinkafi, ya kwashe iyali daga ƙasar Zurmi saboda 'yan bindiga, ya sayi sabon gida a Ƙaura Namoda. Ni na raka shi gani. Dillali ya ce, "Alhaji, ko gizo-gizo bai yi saƙa ciki ba." Wallahi ni ma, ɗan jami'a guda, fenti na tsaya kallo.

Ruwan Agusta na sauka, bangon gabas ya tsage. Sai a sannan muka kira wani tsohon magini. Ya sa ƙusa ya karci bulo, yashi ya zubo kamar gari. Ya haƙa gindin bango, harsashi bai kai kamu ɗaya ba. Filin ma, in ji shi, tsohon kududdufi ne aka cike da shara.

Ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, kai da ba ka sayen sa sai ka duba haƙoransa?"

Ladan maginin bai kai kuɗin akuya ba. Gyara kuwa ya cinye sauran shanu biyu, kuma har yau in hadari ya haɗo, matar kawu ba ta barin yara su kwana ɗakin nan.