Faya-fayan Baba da ƙugin wutar gidanmu

A Zuru da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce gidan tsohon soja ba, kuma kusan kowane gida akwai abin da aka dawo da shi daga bariki aka jingine a lungu. A namu gidan akwatin ƙarfe ne maƙare da faifan garmaho: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Rex Lawson, har da Jim Reeves. Rediyon garmahon da Baba yake sa su ya mutu tun ina firamare. Yanzu Baba ya haura saba'in, kunnensa na hagu ya fara nauyi, Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Ina so ya sake jin su daga faifansa, ina kuma so in kwafe su a kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su.

Na sayi Technics SL-1200 na hannu, amma injin juya faifai shi kaɗai ba ya isa. Abin da allura take fitarwa ɗan mitsitsi ne. Kan allura irin na MM, wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa, yana ba da milibolt 4 zuwa 5 ne kacal, sai an ninka shi kamar sau ɗari kafin amfilifaya ta iya aiki da shi. Irin na MC, wanda masu kuɗi ke rububi, ya fi rauni ma, wajen rabin milibolt ko ƙasa da haka, sai an ninka shi sau dubu. Ɗan akwatin da ke wannan aiki shi ne firiyam, kuma yawancin amfilifayar zamani ba sa zuwa da shi.

Yana da aiki na biyu, wanda shi ya fi burge ni a matsayina na mai rubuta manhaja. Lokacin yanka faifai, da gangan ake rage kauri na sauti a ƙara siririn, don layukan su matsu, fuska ɗaya ta ɗauki minti ashirin da wani abu. Ƙungiyar RIAA ta Amurka ce ta tsayar da wannan ƙa'ida a 1954. Firiyam ne ke warware ta, ya mayar da abin da aka cire. In babu shi, kalangun Shata sai ya koma kamar yara na buga gwangwani.

To a nan ne Zuru ta shigo cikin lissafin. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma a daidai wannan wurin firiyam yana ɗaga sauti kusan sau bakwai fiye da yadda yake ɗaga muryar mawaƙi. Duk wani ɗan ƙugi da ya ɗiga daga waya, to ka gayyato shi ka ba shi lasifika. Masu sharhin kayan sauti a Ingila da Amurka suna rubutu ne daga ɗakunan da wuta ba ta ƙiftawa. Mu kuwa rana guda sai mu sha wuta iri uku: ta gwamnati in ta zo, ta janareta, da ta inbata. Soket ɗin ɗakin Baba ma ba shi da wayar ƙasa, kamar gidaje da yawa da aka gina a zamaninsa.

Wani abokina a Kaduna ya dage sai in sayi kan MC da firiyam mai kwalabe, wai a nan ne ake jin numfashin mawaƙi. Ban musa masa ba, na taɓa saurara a gidansa, akwai daɗi. Amma shi sababbin faya-fayai yake sa wa. Na Baba sun yi shekaru allura mai nauyi tana noma a cikinsu, a bariki da wurin biki. Na'urar da ke ninka sauti sau dubu ba ta san bambancin numfashin Shata da karce ba, duka za ta kawo maka, ta haɗa da kukan janaretan maƙwabci. Kuɗin kuma ya kai na makarantar 'yata na shekara. Ban ga hujjar da zan kai wa mahaifiyarta ba.

Na tsaya a kan MM da ƙaramin firiyam marar ado, mai ƙusar ɗaura wayar ƙasa ta injin. Abin da na fi dubawa shi ne ya zama mai cin wuta irin ta batir, don in raba shi da wutar gida gaba ɗaya. Na haɗa masa batir nasa, ƙugin ya ɗauke ɗif. Na kuma nemi mai maɓallin da ke yanke sautin da ke ƙasa da kaɗawa 20 a daƙiƙa, saboda zafin Maris da Afrilu ya lanƙwasa wasu faya-fayan. Kunne ba ya jin wannan lanƙwasar, amma za ka ga lasifika tana shiga tana fita kamar ƙirjin wanda ya yi gudu, tana cinye ƙarfin amfilifaya a banza.

A wurin aikina, in abu ya lalace sai mu koma kwafin jiya. Faifai ba shi da kwafin jiya, kowane juyi yana ɗan cin sa. Shi ya sa nake wanke kowanne, in bar shi ya bushe a inuwa, sannan in sa shi sau ɗaya kwamfuta tana ɗauka. Da hunturu aikin ya fi wuya, faifan yana jan ƙura kamar an shafa masa mai.

Baba ne ke tsara layin. Ya ce a fara da na Ɗan Maraya, domin kuntigi sirara ce, ita kunnensa zai fara rasawa, ganga kuwa ko a ƙirji zai ji ta. Mun gama goma sha ɗaya. Akwai na Rex Lawson guda da ya tsage daga baki har kusan tsakiya, na ce a bar shi, ya ce a'a, a sa allurar daga inda tsagar ta ƙare.