Waƙa ɗaya, muryoyi uku

Abokan ɗakina suna kirana "Tsoho", wai duk waƙar da ke cikin wayata ta girmi iyayenmu. Ban musa ba. Wadda na fi saurare sunanta "Mamma", kuma ta Italiya ce. Cesare Andrea Bixio ya tsara kiɗanta a 1940, Bixio Cherubini ya rubuta baitocin, a shekarar da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Maganar da ke cikinta ba ta da yawa: ɗa ne ya daɗe a nesa, yana murna zai koma wurin mahaifiyarsa.

Beniamino Gigli ya fito da ita duniya ta sani, a wani fim na 1941 mai wannan sunan. Shi mawaƙin opera ne, irin waɗanda aka horar su cika babban zaure da murya ba lasifika. Idan ka ji shi, wallahi kamar mutum ne ya sauko daga mota a bakin tasha yana kwala kira tun daga nesa. Murna ce zalla, har da sauri-sauri a kiɗan.

Daga baya 'ya'yan Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka ɗauke ta. A nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, wataƙila don ina sashen lantarki. Makirfo ta canza yadda ake waƙa. Tunda na'ura za ta ɗaga murya, mawaƙi ba ya bukatar ihu. Sai ya matso kusa da ita ya rera a hankali, har numfashinsa ana ji. Salon da su Bing Crosby da Frank Sinatra suka yi suna da shi ke nan. Jerry Vale, haifaffen Bronx a New York, wanda sunansa na yanka Gennaro Vitaliano, yana cikin wannan layin. Tasa "Mama" ɗin sumul take, ba gargada, kamar ɗa mai ladabi da ya durƙusa yana gaida uwarsa. Tana da daɗi, amma a kunnena ta cika tsabta.

Ni dai ta Connie Francis ce ke kashe mini jiki. Ta ɗauke ta a Landan a 1959, ta haɗa Italiyanci da Turanci, ta kuma rage mata gudu sosai. Baitocin Turancin sun juya ma'anar: yanzu babu zancen dawowa gida, kewa ce ta uwar da ba a tare da ita. Akwai inda muryarta ke rawa kamar za ta tsinke, sai ta riƙe. Italiyancina bai wuce kalma biyar ba, amma wannan wurin ba ya neman tafinta.

Wata bakwai ke nan rabona da gida. Kuɗin mota zuwa garinmu da dawowa ya kusa kuɗin abincina na wata guda, don haka hutun da ya wuce a hostel na yi shi. Inna ba ta taɓa cewa in zo ba. Iyakarta a waya, "Kana dai cin abinci ko?" sai ta miƙa wa ƙanwata. Ranar da muka yi irin wannan wayar ba na iya kunna ta Connie. Ta Gigli nake sawa, in ɗauko kalanda ina ƙirga kwanakin da suka rage a gama jarrabawa.