Daga Lakar Haj Abdalla Zuwa Hawan Aƙaba: Ina Motar Haibirid Za Ta Tsaya?

Jama'a, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 banzin ya yi wuya ya kuma yi tsada, 'yan uwanmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa suke yawan yi mana zancen motar nan da ake kira haibirid, mai tafiya da injin banzin da kuma batir, wadda ba ta shan mai sosai. Kamfanin Toyota ne ya fara fitar da irinta da yawa a Japan a 1997, da sunan Prius. Yau ta cika titunan Amman, birnin tuddai inda dusar ƙanƙara kan zuba wasu shekaru, ta kuma cika Ulan Bator ta ƙasar Mongoliya, inda sanyi ke daskarar da hanya wata da watanni. Tambayar da ake yi a can ita ce, yaya take yi da hawa mai tsantsi? Mu ba mu da ƙanƙara, amma tambayar ta shafe mu. Bari mu bi hanyarmu mu gani.

Haj Abdalla tana kan hanyar Madani zuwa Sinnar, yamma da Shuɗin Nil. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa kamar faifai, ba dutse ba kwari. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ya shiga gonakin Jazira, tudun da muke da shi bai wuce gaɓar tur'a da bakin 'yan gadojinta ba. Da rani ƙasar baƙa ce, busasshiya, ta tsattsage har ƙafar jaki kan faɗa ciki. Amma daga Yuli zuwa Satumba, in harif ya sauka, sai lakar ta kumbura ta rufe tsagar, samanta ya zama kamar an shafa sabulu. Wannan ita ce ƙanƙararmu. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da dare, yana neman kwalta don ya kai ta asibitin Madani, ya san 'yar gaɓar tur'a mai tsayin mutum ɗaya kan zama dutse a irin wannan lokaci.

To a nan haibirid tana da abin yabo. Injinta na lantarki yana ba da ƙarfi tun daga tashin farko, a hankali, ba fizga, kuma tsantsi ba abin da ya ƙi jini kamar fizga. Sai dai akwai wata na'ura a cikinta mai gadin taya. Da ta ji taya ta fara juyawa a banza, sai ta rage wuta don kare injin lantarkin. Direbobin ƙasashen sanyi sun daɗe suna kuka da Prius ta shekarun 2003 zuwa 2009 a kan haka: mota ta tsaya cak a tsakiyar hawa, ana taka totur ba ta amsawa, kuma ba maɓallin kashe na'urar. A cikin lakarmu, inda wani lokaci sai taya ta yi ta juyawa ta yar da taɓon da ya like mata kafin ta kama ƙasa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Na baya-bayan nan an sa musu maɓallin, wasu kuma irin su RAV4 an ƙara musu injin lantarki na biyu mai tura ƙafafun baya.

Abu na biyu shi ne tsayi. Cikin Prius bai kai santimita 15 daga ƙasa ba, alhali boksi irin Hilux ta haura 20. In ta faɗa sawun da lori ko tarakta ta haƙa, sai ta zauna a kan cikinta, ƙafafu na lilo. Tayoyin da take zuwa da su kuma an yi su ne don tsimin mai a kan kwalta, ba su da haƙora. Sannan a kiyaye: in ta maƙale, ba a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa ƙafafun gaba na ƙasa, don juyawarsu na juya injin lantarkin, ana iya yin ɓarna mai tsada.

Yanzu mu bar laka mu nufi gabas, hanyar da kakanninmu suka biyo don neman Makka. Daga Madani a haye gadar Hantub, a wuce Gadarif da Kasala da Hayya, har a iso Sinkat, garin da ke kan duwatsun Bahar Maliya, kusan mita 900 sama da teku. Daga nan ne Aƙaba ta fara, hanya na lanƙwasa tsakanin baƙaƙen duwatsu tana gangarawa zuwa Sawakin, inda alhazai ke shiga jirgin Jidda. Duk direban babbar mota ya san warin birkin da ya yi zafi a wannan wuri.

A gangara haibirid na da wata dabara. In ka ɗaga ƙafa, injin lantarkin ne ke riƙe motar, yana mayar da gudun ya zama wuta a batir, birki kuwa yana hutawa. Amma batirin ƙarami ne, kafin a yi nisa ya cika, daga nan nauyin ya koma kan birki. Shi ya sa aka sa harafin B a jikin giya. In ka sa ta nan, injin banzin ne zai taya riƙe motar, kamar yadda direban lori ke sa babbar giya. Za ka ji injin na kuka, kada ka tsorata, aikinsa yake yi. A dawowa kuma, in batir ya yi ƙasa a tsakiyar hawa, ƙaramin injin ne kaɗai zai ja kaya, sai a yi haƙuri da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Su can sanyi ne ke rage ƙarfin batir, mu kuwa zafi ne da ƙurar habub. Akwai 'yar kafar iska kusa da kujerar baya da ke sanyaya batirin. Kada a toshe ta da buhu ko jaka, a riƙa kuma share ta.

Saboda haka wanda ɗansa zai aiko masa da mota, ya fara duba inda ƙofar gidansa take. In zirga-zirgarsa a kan kwalta ce, tsakanin Sinnar da Madani da Bur Sudan, haibirid za ta rage masa kuɗin mai, Aƙaba ma ba za ta gagare ta ba. In kuwa tsakaninsa da kwalta akwai hawasha da tur'a, to ya nemi mai tsayi da taya mai haƙora, ya kuma tambaya ko akwai makanikin da ya san ta a kusa. Ranar da harif ya yi harif, karon jaki ma kan wuce mota.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.