Hannun da Ba Ya Ɗaguwa

Karatu: Fitowa 17:8-13

Ɗan'uwa mai karatu, akwai wata tiyata da ba a cika jin labarinta a yammacin Zamfara ba, ko da yake sananniya ce a Amurka da ƙasashen Turai. Ana yi wa mutumin da fatar damtsensa ta saki ne, ko don shekaru, ko don ya rage ƙiba mai yawa. Likita yakan tsaga daga hamata zuwa kusa da gwiwar hannu, ya cire fatar da ta yi yawa, ya ɗinke. Cikin 'yan sa'o'i an gama aikin, amma jinyarsa ta makonni ce.

Ko ya dace mai bi ya nemi irin wannan gyara, wannan magana ce tsakanin kowa da lamirinsa a gaban Ubangiji. Abin da nake so mu duba tare shi ne dokar da ake ba mutumin ranar sallama. Kada ya ɗaga hannu sama da kafaɗa a makonnin farko. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi har mako huɗu zuwa shida. Ya riƙa sa matsattsiyar riga mai rage kumburi, ya kwanta hannuwansa bisa matashi. Ga mutum da kuɗinsa da gatansa, amma sa riga ya gagare shi, tajar kai ta gagare shi. Dole sai da wani a kusa.

Dokar tana da dalili. Zaren likita haɗa leɓunan rauni kawai yake yi. Haɗuwar naman kanta aiki ne da Mahalicci ya dasa cikin jiki, kuma yana da lokacinsa. A kwanakin farko wurin yakan kumbura, ya yi ja. Sa'an nan jiki ya shiga saƙa sabon nama daga ciki. Bayan mako uku, ƙarfin wurin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lafiyayyar fata ba. Sai wajen wata uku yake kai kamar kashi 80 cikin 100, daga nan kuwa ba ya ƙaruwa sosai. Tabon yakan shekara, ko fiye, yana laushi yana dusashewa. Haɗarin yana nan: bakin rauni yakan rufe tun ciki bai yi ƙwari ba. Mutum ya duba ya ce ya warke, ya sunkuci kaya, ɗinki ya ɓalle.

Mu ma a nan mun san tiyatar gyara, sai dai ta wata ƙofa ta shigo mana. Akwai cutar da likitoci ke kira Noma, wadda a ƙauyukanmu wasu ke ce wa ciwon iska. Takan kama yara ƙanana masu tamowa, ta fara daga dasashi, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. A Sakkwato akwai asibitin da aka kafa dominta a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mutanen Anka da Bukkuyum suka sani tun lokacin gubar dalma a 2010, take taimakawa da aikin gyaran fuska a can. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yaron da aka yi wa wannan aiki, sau da yawa sai ya koma an ƙara, kuma sai an daɗe ana motsa masa muƙamuƙi kullum domin kada bakin ya sake ƙagewa. Wa zai zauna da shi duk tsawon wannan lokaci?

Ba ma sai mun je Sakkwato ba. Duba cikin ikkilisiyarka. Ga matar da aka yi wa aiki aka ciro jariri. Ga manomin da aka yi wa aikin ƙaba ana gab da damina. Ga saurayin da harsashi ya ratsa wa damtse a kan hanya. Dukansu doka ɗaya aka ba su: kada su ɗauki nauyi. A yawon gaida marasa lafiya na sha tarar da mace riƙe da taɓarya, ko kwana goma ba ta yi da sallama ba. In ka yi mata magana, sai ta ce, "Baba Fasto, in ban daka ba, me yara za su ci?" Ba taurin kai ke damunta ba. A da, uwa ko ƙanwa ko goggo ce ke zuwa zaman jinya. Yau 'yan bindiga sun warwatsa zuriya: uwa tana gudun hijira a Anka, ƙanwa a Gummi, goggo ta yi Gusau. Gatan da dangi ke bayarwa ya tafi, dokar jiki kuwa tana nan yadda take.

A nan karatunmu na yau yake magana. A Refidim, Joshuwa yana yaƙi da Amalekawa, Musa kuma yana bisa tudu da sandan Allah. Muddin hannunsa na sama, Isra'ila ke rinjaye. Da ya sauke, sai Amalekawa su taso. Hannuwan Musa suka gaji. Ka lura, Allah da ya raba teku ta wannan hannu bai zuba masa sabon ƙarfi daga sama ba. Ya bar shi ya gaji kamar kowane ɗan Adam, ya kuma tanadar masa Haruna da Hur. Suka kawo dutse ya zauna, ɗaya ya tallafi wannan hannu, ɗaya wancan, har faɗuwar rana. Aikin nasu ba shi da armashi a ido: tsayuwa ce kawai, wuni guda, riƙe da damtsen tsoho. Amma a kan wannan tsayuwa nasarar ranar ta rataya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da aka ɗinke.

Saboda haka, in kai ne mai lafiya, ka sani gaisuwar rana ɗaya ba ta isa ba. Mukan cika ɗakin majinyaci a makon farko, mu yi addu'a, mu ajiye lemo, mu watse, alhali a mako na uku ne, sa'ad da ya fara jin dama, ya fi bukatar mai hana shi aiki. Zumuntar mata ta raba kwanaki: wannan daka, wannan ɗiban ruwa, wannan wanki. Matasa su yi gayya a gonar ɗan'uwan da ke kwance. Dattawa su rubuta ranar aikin, su ƙirga mako shida, kada a janye kafin su cika. Maƙwabcinka Musulmi ma, in ka ga matarsa da ɗinki tana jan guga, ka aika 'yarka ta karɓa.

In kuwa ke ce ko kai ne mai ɗinkin, nauyinka shi ne ka yarda a taimake ka. Kunya da nauyin baki sukan sa mu ce "ba komai" alhali akwai komai. Musa bai ture hannun Haruna ba. Zama bisa dutsen nan biyayya ce, kamar yadda hawan tudun ya zama biyayya.

Tabo kuwa zai zauna, domin babu likitan da ke yanka ba tabo. Kada ka raina jikinka saboda shi. Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tashi daga matattu da alamun ƙusoshi a hannuwansa, da su ne kuma Toma ya shaida shi.

Addu'a: Ya Uba Maɗaukaki, kai da ke saƙa nama a ɓoye inda ido ba ya gani, ka ba masu jinya haƙurin jiran lokacinka. Ka buɗe idanunmu mu ga hannun da ya gaji a cikinmu, ka ba mu ƙarfin tallafarsa har rana ta faɗi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.